Ofishin yawon buɗe ido na jiha: mi yake yi, kuma wa ke cin moriyarshi a Damagaram?

Ranar Lahadin da ta wuce, cikin shirinmu na gaishe-gaishe, wani ɗan uwa da ke zaune a Kumasi ya bugo waya. Bayan ya gaida iyaye da dangi na Mirya, sai ya jefo mana tambaya. Ya ce yana so ya kawo ƴaƴanshi ganin gida, don can aka haife su, ba su taɓa ganin ƙofar fada ba. Ya ji ana cewa akwai ofishin yawon buɗe ido a Damagaram, to mi ma'aikatan suke yi, tunda nasara sun daina zuwa? Lokacin shiri bai ishe mu ba, na yi mashi alkawarin amsa a rubuce. To Alhaji, ga amsar, kuma ta kowa ce.

Mu fara da tsarin. A Yamai akwai ma'aikatar minista mai kula da yawon buɗe ido da sana'o'in hannu. Ma'aikatar tana da reshe a jihohi, kuma darakta ne ke riƙe da reshen, yana aiki ƙarƙashin idon gwamna kamar sauran daraktocin jiha. Haɗa yawon buɗe ido da sana'ar hannu wuri guda ba don rashin ofis aka yi ba. Baƙon da ya zo kallo ba ya iya ɗaukar fada ko dutse ya tafi da su. Abin da yake ɗauka shi ne jaka, takalmi, zobe, tabarma, tukunya. Ta hannun baduku da maƙeri da mai ginin tukwane ne kuɗin baƙo ke shiga gidajen talakawa.

Aikin farko na irin wannan ofishi shi ne sanin abin da jiha take da shi. Ana zagayawa a rubuta wuraren tarihi, bukukuwa, tabkuna, dazuzzuka, a san inda suke, halin da suke ciki, da wanda ke kula da su. A Damagaram lissafin ba gajere ba ne. Akwai fadar Mai Martaba Sultan da unguwar Birni, da gidajen ƙasa masu zankwaye da zane a goshin zaure, ga duwatsun nan manya da gari ya zauna tsakaninsu. Akwai Zango, masaukin ayarin raƙuma tun zamanin da fatake ke tasowa daga arewa su bi ta nan zuwa Kano. Akwai abin da ya rage na ganuwar da aka ɗaukaka zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19. Akwai barikin da Faransawa suka gina suka sa mashi sunan Kyaftin Kazmaju, wanda aka kashe a nan a 1898, shekara guda kafin sojojinsu su kama garin. Yara da yawa ba su ma san cewa Damagaram ce hedikwatar Nijar har 1926 ba, lokacin da aka maida ita Yamai. In ka fita gari kuma ga tukwanen Mirya, ga tabkin Gidimuni, can arewa maso gabas ga dajin Tarmit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012, inda ragowar namun hamada ke fakewa.

Wani zai ce, to rubuta suna cikin littafi mi zai ƙara? Yana ƙarawa. Abin da ba a rubuta ba, ba a sa shi cikin kasafin kuɗi. Ranar da wani ya zo zai rushe tsohon soro ya gina shago da siminti, in babu takardar da ta nuna soron nan yana cikin kayan tarihi, ba wanda ke da bakin hana shi.

Aiki na biyu bai da daɗin ji, amma shi ne ke cin lokacin ma'aikata: sa ido kan otel-otel, gidajen saukar baƙi, gidajen abinci da kamfanonin tafiye-tafiye. Mai son buɗe masauki sai ya nemi izini. Ana duba ɗakuna, makewayi, ruwa, tsabtar madafa. Taurarin da kuke gani a allon wasu otel, ɗaya ko biyu ko uku, ba ado ba ne, daraja ce da hukuma ke bayarwa gwargwadon abin da wurin ya tanada. Sannan takardar nan da ake miƙo maka ka cika in ka sauka otel, sunanka, inda ka fito, kwana nawa za ka yi, tana da amfani biyu. Jami'an tsaro suna buƙatarta. Masu lissafi kuma da ita suke sanin baƙo nawa ya kwana a jiha cikin shekara, da watan da suka fi yawa. Nan ma akwai giɓi babba, don mu mutanenmu ba otel muke sauka ba. Ɗan Kano da ya zo suna ko biki gidan aboki yake kwana, ya ci, ya sha, ya saye tsaraba ya koma, littafin otel bai san da zuwanshi ba. Kenan lissafin hukuma kullum yana ƙasa da gaskiyar baƙin da gari ke karɓa.

Sai maganar ƴan jagora, masu raka baƙo suna yi mashi bayani. Ni a ganina nan ne wuri mafi rauni, kuma mafi sauƙin gyara. Wata rana na bi bayan wasu baƙi cikin wata tsohuwar unguwa, wani saurayi yana nuna masu gidaje. Duk gidan da aka tambaye shi shekarunshi sai ya ce shekara dubu. Ban ga laifinshi sosai ba, neman abinci yake, ba wanda ya koya mashi. Amma baƙon da ya karanta littafi kafin ya zo, in ya ji haka sau biyu, ya gama yarda da sauran bayanin. Shi ya sa horar da jagorori da ba su katin shaida yake cikin aikin ofishin. Kuma muna da jami'a a garin nan mai ɗauke da sunan André Salifou, malamin tarihi ɗan Damagaram da ya rubuta wasan kwaikwayo kan Tanimun. Ɗaliban tarihi suna nan suna neman abin yi, tsofaffin fada suna nan da labari a bakinsu. Haɗa su ba ya buƙatar miliyoyi.

Yanzu mu zo kan talla, wadda ita ce mutane suka fi sani. Tallar gari iri-iri ce. Akwai ta takarda da hoto, akwai ta rediyo da talabijin, yanzu ga Facebook da WhatsApp da TikTok, inda bidiyon hawan salla na minti ɗaya ke isa Jidda da Abija kafin dawakai su koma turke. Akwai kai masu sana'a baje koli, kamar SAFEM da ake yi a Yamai don sana'o'in mata, inda kowace jiha ke kafa rumfarta. Akwai ranar 27 ga Satumba, ranar yawon buɗe ido ta duniya, da ofisoshin jihohi kan yi amfani da ita su tara jama'a. Amma babbar talla a ƙasarmu ita ce biki. Kowa ya ga abin da kokowar takobin ƙasa ke yi wa gari. Tun da aka fara ta a Tawa a 1975 take zagaya jihohi, kuma duk garin da ya karɓe ta, kwanakin nan ba ka samun ɗakin haya, mai kabu-kabu ba ya hutawa, mai tuwo tana ɗora tukunya sau uku. Haka bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi: Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, mu kuma muka karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa. An samu tituna da gine-gine, wannan ba a musu. Tambayar da ya kamata ofishin yawon buɗe ido ya riƙa yi wa kanshi ita ce: bayan an naɗe tabarmar biki, mi zai sa baƙon ya dawo baɗi?

Ofishin ba shi ke ƙirƙiro bukukuwan gargajiya ba. Hawan salla na fada ne, hawan ƙaho na mahauta ne, wasan kara na samari ne, sun girmi kowace ma'aikata. Abin da ofis zai iya shi ne ya sanar da lokacinsu da wuri, ya zauna da fada da magajin gari da jami'an tsaro a shirya inda baƙi za su tsaya, ya faɗa wa masu masauki su kintsa. Ɗan uwanmu na Kumasi yana buƙatar sanin rana tun wata biyu kafin lokaci, don ya nemi hutun yara ya tanadi kuɗin mota. Sanarwar da ta fito saura kwana uku ba ta amfane shi ba.

To, ina aka kwana da maganar nasara sun daina zuwa? Gaskiya ne, kuma Agadas ce ta fi kowa jin zafin abin. A da, lokacin sanyi, jirage na tasowa daga Turai kai tsaye su sauka Agadas. Tseren motoci na Paris-Dakar ya sha bi ta can. A 1998 Alphadi ya kafa bikin tufafi na FIMA a hamadar Tigidit. Direbobi, masu dafa abinci, maƙeran azurfa, masu raƙuma, gari guda yana ci daga wannan harka. Sai tawayen 2007 ya zo, sai aka sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010, ƙasashen Turai suka shafa wa taswirarmu jan launi suka hana mutanensu zuwa. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, da hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, amma girmamawar ta zo lokacin da masu kallo suka yi ƙaranci. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu, da dama cikinsu suka koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya ko suka nufi wuraren haƙar zinariya.

Irin wannan ne ya samu Kure, kusa da Yamai, wurin raƙuman dawa. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da haɗin kan mutanen ƙauyuka da ƴan jagora da masu kula da daji suka haura ɗari shida, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai su Gadabeji cikin jihar Maraɗi. Mutanen karkara sun haƙura da ɓarnar da dabbobin ke yi masu a gonar wake, don suna ganin abin da ke shigowa ta hanyar masu zuwa kallo. Ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da jagora. Daga ranar harkar ta durƙushe. Ba ofishin yawon buɗe ido da ke da maganin wannan. Tsaro ba a hannunshi yake ba, haka hanya, haka ruwa, haka wuta. Mu a Damagaram mun san zancen ruwa: otel ɗin da famfonshi ya ƙafe a watan Afrilu, ko tauraro biyar aka liƙa mashi baƙo ba zai sake sauka ba. Iyakar ƙarfin darakta a nan shi ne ya riƙa tuna wa masu yanke shawara, a zauren gwamna da cikin tsarin raya jiha, cewa hanyar da ta bi ta wurin tarihi tana da riba biyu.

Abin da wannan wahala ta koya wa masu harkar shi ne su juyo su dubi baƙon kusa. Daga nan zuwa Kano bai kai kilomita 250 ba. Daura da Katsina ma ga su nan. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ta haɗa mu, kuma mutanen can sun san sunan Damagaram tun daga labaran kakanninsu. Ga ma'aikatan Yamai da ke samun hutu ba su san inda za su kai iyali ba. Ga ƴan lakwal: yaro ya gama firamare a Magarya ko Matamai, ya haddace sunan Tanimun don jarrabawa, bai taɓa taka Birni ba. Ga ku ƴan uwa na Gana, Kodibuwa, Libiya, Saudiyya, Faransa da Amurka. Baƙon kusa ba ya kashe kuɗi kamar nasara a rana guda, amma ba ya jiran izinin ofishin jakadanci, kuma in ya ji daɗi zai dawo da maƙwabcinshi. Sai dai shi ma siyasa na iya tare shi, kamar yadda muka gani lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya bayan Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024.

Bari mu yi lissafi na misali, ba na hukuma ba. Mu ce magidanci ya zo da iyalinshi kwana uku, ya kashe jika ɗari. Wani kaso ya tafi masauki, daga can a biya mai shara, mai wanki, mai gadi. Wani ya tafi ga mai adaidaita. Wani ga mai kilishi da mai alkaki. Uwargida ta shiga kasuwar Dole ranar Alhamis ta saye jaka da takalma. Baduku ya biya majemi, majemi ya biya mahauci, mahauci ya biya makiyayin da ya kawo akuya daga Tanut. Mutumin ƙauye da ke cewa yawon buɗe ido harkar ƴan birni ce, fatar akuyarshi tana cikin jakar nan. Aikin ofishi shi ne ya sa kwana ukun su zama biyar, kuma ya sa kuɗin su tsaya hannun masu yin kayan. Nan ne amfanin ƙauyen masu sana'a da ƙungiyoyinsu yake, don in baƙo ya saye kai tsaye daga mai ɗinki, ba dillali uku tsakani.

Akwai masu ɗari-ɗari da harkar, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Dattawa sun ga baƙin da ke shiga unguwa da tufafin da ba su dace ba, suna ɗaukar hoton mata da yara ba sallama, sun ga yara sun bar makaranta suna bin mota suna roƙo. Maganin wannan ƙa'ida ce da mutanen unguwa za su sa da kansu: ina ake shiga, ina ba a shiga, wa ake tambaya kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, nawa ake biya kuma asusun wa yake shiga. Jagora mai kati shi zai faɗa wa baƙo tun daga bakin zaure. Inda aka tsallake mai unguwa da liman aka yi tsari daga ofis, tsarin ba ya kai damina biyu.

Na ajiye magana mafi nauyi sai yanzu. A farkon Satumban 2024, cikin ruwan saman da ya yi ɓarna a ƙasar nan baki ɗaya, tsohon masallacin Birni ya rushe. Masallaci ne na ƙasa da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, kakanni da jikoki sun yi salla cikinshi, kuma yana cikin wuraren da duk baƙo ke fara tambaya. Da yawa daga cikinku na waje a waya kuka ga hoton, wasu sun kira mu suna kuka. Tun 2006 tsohon garin Damagaram, Birni da fada, yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a matsayin masu jiran shiga kayan tarihin duniya. Jerin jira ba kuɗi yake kawowa ba, alkawari ne cewa ƙasa za ta kula da wurin har a kammala takardu. Kuma masu bincike in sun zo, gini suke dubawa, ba labarin ginin da ya taɓa tsayawa ba.

Ginin ƙasa ba ya son sakaci. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an duba rufi, an gyara indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. A da kowane gida ya san wannan, magina suna da sarkinsu da almajiransu, sun san ƙasar da ake haƙa da yadda ake cuɗa ta, sun san azarar da gara ba ta ci. Yanzu masu gidajen da yawa sun watsu, gida ɗaya magada ashirin, kowa na jiran wani ya fara. Wasu kuma don neman sauƙi sai su shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti yana riƙe laima a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ba a gani, ran da zai faɗi sai ya faɗi gaba ɗaya. Kula da kayan tarihi a hukumance ya fi shafar ma'aikatar al'adu da fada da magajin gari, amma ofishin yawon buɗe ido ba zai naɗe hannu ba, don hajar da yake talla ita ce ke narkewa. Ni da za a tambaye ni, kuɗin buga allunan talla na shekara guda gara a ba magina su yaɓe gidaje goma a Birni, a sa samari su koyi aikin a hannunsu.

A nan ne ku na waje kuke da hannu fiye da yadda kuke zato. Yawancin tsofaffin gidajen nan ba na gwamnati ba ne, na iyalai ne, wataƙila har da naku. Wanda ke aiko kuɗin ragon layya duk shekara zai iya tambaya ko an duba rufin soron kaka kafin watan Yuni. Mutanen karkara kuma, in akwai tsohuwar rijiya mai tarihi a garinku, ko kufai, ko kabarin wani malami, ko wani wasa da ake yi bayan kaka, ku gaya wa mai gari ya kai maganar ofishin magajin gari, daga can ta isa jiha a rubuta.

Alhaji na Kumasi, ga shawarata kan tafiyarka. In hawan dawakai da kakaki da algaita kake so yara su gani, ka daidaita zuwanka da salla. In yawo cikin gari kuke so ba tare da zafi ya galabaitar da su ba, ka zo tsakanin Disamba da Fabrairu, ka taho masu da rigunan sanyi. Ka tsaya ofishin yawon buɗe ido ko gidan tarihi na jiha ka nemi a haɗa ka da jagora, ku yi ciniki kafin ku tashi. A fada a yi sallama wurin dogarai, su za su nuna maku inda ake shiga. Ka ware Alhamis don kasuwa, ka ware yini guda don Mirya, tunda can dangi suke. Maganar Tarmit da sauran wurare masu nisa kuwa, kada ka kama hanya da iyali sai ka tambayi hukuma halin da hanyar take ciki a wannan makon.